Bidiyon Kisa Ya Shigo Wayarki: Me Addini Ya Ce Ki Yi?

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon ya faru ne a gabana, a ajin matan aure na Islamiyyar da nake koyarwa. Muna tsakiyar karatun Arba'una Hadisi sai na ga aji ya rabu biyu a kan wayar wata ɗaliba. Bidiyo ne aka turo mata: wani mai kaki ya harbe wani saurayi a bakin titi, sannan an ɗora muryar wani namiji yana rantsuwa cewa jiya-jiya abin ya faru a kan hanyar Anka zuwa Gummi. Wata dattijuwa, wadda ta taɓa rasa ɗanta a kan hanya, ta ce da ni, "Malama, wanga abu gaskiya na, ga shi kowa na gani." Wata kuma, matar ɗan sanda ce, ta tashi tsaye idonta ya yi ja, ta ce, "Wallahi ƙarya ta, haɗa shi anka yi don a ɓata ma mazanmu suna."

Na karɓi wayar, muka kashe sautin, muka sake kallo a natse. Lambobin motocin da ke wucewa ba irin na Nijeriya ba ne, allon shagon da ke bayansu da Faransanci aka rubuta shi, kakin ma ba namu ba ne. Ashe abin ba a ƙasarmu ya faru ba. To amma kafin mu kai ga gane haka, an riga an tura shi zaurukan WhatsApp na biki da na adashi, kuma waɗannan bayin Allah biyu sun riga sun faɗa wa juna maganganun da ba su dace da ɗakin karatu ba.

Na ce da su dukansu biyun sun yi kuskure. Ta farko ta gaskata saboda ciwon da ke ranta, ta biyu ta ƙaryata saboda son mijinta, kuma babu wadda ta bincika. Dacen da matar ɗan sandan ta yi a ranar dace ne kawai. Gobe idan na gaskiya ya zo, da wannan bakin za ta ƙaryata shi.

RIGUNA BIYU A CIKIN SURATU YUSUF

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Karin maganar nan ta yi aiki a lokacin da ganin da idonki ne, kina tsaye a wurin. Yanzu kuwa abin da kike gani a waya, wani ne ya ɗauka, wani ya yanke, wani ya ɗora murya, wani ya turo miki. Sunansa gani, amma hukuncinsa hukuncin ji ne.

Alƙur'ani ya riga ya koya mana wannan darasi a ƙissar Annabi Yusuf (AS). A ayoyi na 16 zuwa 18, 'yan'uwansa sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, ga riga jina-jina a hannunsu. Me ya fi wannan zama shaida? Ga hawaye, ga jini. Amma malaman tafsiri sun ambata cewa Annabi Yaƙub (AS) ya juya rigar ya ga babu inda ta yage, ya yi mamakin kerkecin da zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau. Bai bari jinin ya rufe masa ido ba.

A ayoyi na 26 zuwa 28 kuma ga wata rigar. Matar Azizu, mai mulki da faɗa a ji, ta ɗora wa Yusuf laifi, shi kuwa bawa ne a gidan, ba shi da kowa. Sai wani daga danginta ya ce a duba rigar, ta gaba ta yage ko ta baya. Aka duba, ta baya ce. Rigar nan ita ta wanke marar gata, ta kunyata mai iko.

Kin ga riga ɗaya an yi ƙarya da ita, ɗaya kuma ta tsayar da gaskiya, kuma dukansu biyun sai da aka juya su aka duba sannan aka gane. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, ya kafa hujja da rigar nan ta biyu a kan cewa alƙali yana aiki da alamomi. Bidiyo ma alama ce, sai an juya ta.

IDAN BIDIYON ƘARYA NE

A watan Yunin 2018 an yi mummunan rikici a Jihar Filato. Hotuna da bidiyo masu tayar da hankali suka cika Facebook, ana cewa ga abin da aka yi wa mutane a yankin Gashish. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen wannan shekara ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon da suka fi tunzura jama'a a ƙasar Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. A ranar 24 ga Yuni, matasa suka tare hanya, aka fizgo matafiya daga motoci, aka kashe mutum 11 waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk yatsan da ya tura wannan bidiyo sai ya tsaya gaban Allah a kan rabonsa na wannan jini.

A farkon Oktoban 2020 kuma wani bidiyo ya fito daga Ughelli ta Jihar Delta, aka ce 'yan sandan SARS sun harbe wani saurayi har lahira sun gudu da motarsa. Rundunar 'yan sanda ta ce ba SARS ba ne, kuma saurayin bai mutu ba, daga motar sintiri ya faɗo. Alhali zaluncin SARS ba ƙage ba ne, ƙungiyar Amnesty International ta tattara ƙorafe-ƙorafe 82 na azabtarwa da kisa tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, kuma an rushe rundunar ranar 11 ga Oktoban 2020. Amma ki lura da ɓarnar da ƙari a kan labari yake yi: yana miƙa wa mai laifi sandar da zai kāre kansa. Da zarar an kama ƙarya ɗaya, sai a yi ta nuna ta ana rufe gaskiya goma.

Wannan ne ya sa Allah (SWT) Ya umurce mu a Suratul Hujurat aya ta 6 da mu yi bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, don kada mu auka wa mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Malaman tafsiri da dama sun ce ta sauka ne a kan Walidu bin Uƙba, wanda aka aika karɓo zakkar Banu Musɗaliƙ, tsoro ya kama shi a hanya, ya dawo ya ce sun hana kuma sun nemi ransa. Saura ƙiris a yaƙi mutanen da ba su yi komai ba. Ki kula da kyau, 'yar'uwa: ayar ba ta ce a jefar da labarin ba, kuma ba ta ce a karɓe shi ba. Cewa ta yi a bincika.

Mu mata muna da babban darasi a ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA). Wata guda Madina tana cikin ruɗani. Suratun Nur aya ta 15 ta siffanta masu yaɗa maganar da cewa da harsunansu suke karɓarta, wato daga baki zuwa baki, ba ta ko biya ta hankali ba, suna ganin abin wasa ne alhali babba ne a wurin Allah. Nana Zainab bint Jahsh (RA) kishiyarta ce, ita ce ma mai gogayya da ita, amma da Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta, sai ta ce tana tsare jinta da ganinta, alheri kawai ta sani. 'Yar'uwarta Hamna kuwa ta shiga cikin masu yaɗawa don ta taya ta kishi, aka yi mata haddi. Ciki ɗaya suka fito, tsare harshe ya bambanta su.

Imam Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Imam Bukhari kuma ya kawo hadisin Samura bin Jundub (RA) a kan mafarkin da aka nuna wa Annabi (SAW) wani mutum ana tsaga masa baki har ƙeya, saboda yakan yi ƙaryar da ke kaiwa ko'ina a duniya. A da sai mutum ya yi tafiya kafin ƙaryarsa ta kai nesa. Yau kina zaune a tsakar gida kina tankaɗe, da danni ɗaya ta kai Legas da Makka. Magana zarar bunu ce.

IDAN KUMA GASKIYA NE FA?

A nan ne wasunmu ke zamewa ta ɗaya ɓangaren. Sun ji wa'azin a bincika, sai suka mayar da shi a yi shiru, kome aka nuna musu su ce haɗi ne. Wannan ba taka-tsantsan ba ne, gudun gaskiya ne, domin an sha kiran bidiyon gaskiya ƙarya.

A Yulin 2018 wani bidiyo ya ɓulla: sojoji sun tasa mata biyu a gaba, ɗaya da goyo a bayanta, ɗaya tana riƙe da hannun yarinya, suka rufe musu ido suka harbe su duka huɗun. Kakakin gwamnatin Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne. Masu bincike na BBC suka gwada tsarin duwatsun da ke bidiyon da hotunan tauraron ɗan'adam, suka gano wurin, kusa da garin Zelevet a arewacin Kamaru, dab da iyakarmu. Da tsawon inuwar sojojin suka gano lokacin, tsakanin Maris da Afrilun 2015. A Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Da kowa ya ce haɗi ne ya juya baya, da jinin matan nan da 'ya'yansu ya tafi a banza.

A gida kuma, bayan rikicin Maiduguri na Yulin 2009, sojoji sun kama Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa wa 'yan sanda, a ranar 30 ga wata aka nuna gawarsa, aka ce guduwa ya so yi. A Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna bidiyon masu kaki suna kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa, har da masu dogara sanda. Fitinar da ƙungiyar ta tayar ɓata ce, babu mai shakka, kuma mun ga abin da ta jawo wa al'umma. Amma Musulunci bai yarda a kashe wanda ke hannu ba tare da shari'a ba, ko mene ne laifinsa. Kotu ta ba da umurnin a biya iyalan surukinsa, Baba Fugu, diyyar Naira miliyan 100. An gurfanar da wasu jami'an 'yan sanda a Abuja a 2011, daga baya kotu ta sallame su. Wannan ma darasi ne: bidiyo yana nuna an yi kisa, amma tabbatar da wane ne ya yi a gaban alƙali yana buƙatar shaidu masu tsayawa.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. An sace 'yan matan makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Washegari, wurin miƙa su ga iyayensu, hatsaniya ta tashi, jami'an tsaro suka buɗe wuta. A Yulin 2022 BBC ta fitar da wani fim a kan ta'addancin Zamfara, wanda ɗan garin Anka, Yusuf Anka, ya jagoranta, a ciki aka nuna yaron da harsashin jami'an tsaro ya yi ajalinsa da kuma baƙin cikin mahaifinsa. Gwamnati ta ce fim ɗin yana kambama 'yan bindiga, hukumar NBC ta ci tarar kamfanonin da suka nuna shi Naira miliyan 5 kowannensu. Haka a Janairun 2022, da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Irin wannan ne ya sa talaka ya fi yarda da waya a kan sanarwar hukuma. Uzurinsa a bayyane yake, amma uzuri ba ya ɗauke wajibcin bincike.

Ku dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da nasa mayaƙan. Usama bin Zaid (RA), masoyinsa ɗan masoyinsa, ya kashe wani a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada. Annabi (SAW) bai rufe maganar ba, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin a ce a ranar ya musulunta. Da Khalid bin Walid (RA) ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskure a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya barranta daga abin da Khalid ya aikata, kuma malaman tarihi sun ce ya aiki Sayyidina Ali (RA) ya biya diyya har ta ƙananan kayan da aka lalata. Bai ce maƙiya ne suka ƙirƙira ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama. Suratun Nisa'i aya ta 135 ta wajabta mana tsayar da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi, Suratul Ma'ida aya ta 8 kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Ta farko ta matar ɗan sanda ce, ta biyu ta uwar da aka zalunta ce.

TO YAYA ZA KI YI?

1. Ki tambayi wadda ta turo miki a ina ta samo. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi. Idan amsar ita ce "a guruf na gani", to isnadin ya yanke. Alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙo tana nuna ya bi hannuwa da yawa.

2. Ki kashe sautin ki kalli hoton shi kaɗai. Sau da yawa hoton na gaske ne, muryar da aka ɗora ce ƙarya.

3. Ki duba alamomi: lambar mota, rubutun alluna, kalar kaki, shigar mutane. Idan an ce jiya ne, muna tsakiyar rani, amma ga gero kore shar a bayansu, kin san tsoho ne.

4. Ki tuna an iya yanke farko ko ƙarshe. Daƙiƙa 20 ba su ba da labarin yini.

5. Ki nemi wanda ke garin da aka ambata. Mutuwa ba ta ɓuya a ƙasar Hausa, akwai jana'iza, akwai zaman makoki. Ki saurari rediyo, ki sa ɗanki ya bincika hoton ta Google Lens ko shafin masu tantance labarai irin su Dubawa.

6. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana haɗa fuska da muryar mutum a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Ki lura da motsin leɓe, da yatsu, da rubutun da ba ya karantuwa. Amma ki sani mai laifi ma ya samu mafaka, kome aka nuna sai ya ce na'ura ce ta haɗa. Shi ma a nemi hujjarsa.

Idan ba ki kai ga tabbaci ba, ki riƙe yatsanki, kada ki ce gaskiya ne, kada ki ce ƙarya ne. Suratul Isra'i aya ta 36 ta gargaɗe mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu.

Idan kuma abin a gabanki ko gaban wani naki ya faru aka ɗauka, to ya zama amana, kuma Suratul Baƙara aya ta 283 ta hana ɓoye shaida. A ajiye na asalin, kada a yanke, kada a ɗora murya ko kiɗa. A rubuta rana da lokaci da wuri. Ki shawarci maigida, a kai wa lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, a sanar da hakimi ko sarki, ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan shaida idan ta cika sharuɗɗa.

Ko da bidiyon gaskiya ne, yawo da shi gida-gida wani abu ne daban. Gawa tana da alfarma. Abu Dawud ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Ki ɗauka ɗanki ne kwance cikin jini, tufafinsa a yaye, ana kallonsa a wurin suna, ko kuma a ce ta waya kika fara sanin ya rasu. Ga kuma ƙananan yaranmu da ke ɗaukar wayoyinmu suna ganin abin da ke busar da zuciya.

Ke kuma matar jami'in tsaro, mun san 'yan sanda da sojoji da yawa sun bar marayu a dazuzzukan nan saboda mu kwana lafiya, Allah Ya ji ƙansu. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ba mu yi wa kowa kuɗin goro. Taimakon da za ki yi wa mijinki shi ne wanda Annabi (SAW) ya koyar, cewa taimakon ɗan'uwa idan zai yi zalunci shi ne a riƙe hannunsa. In zai fita aiki ki tuna masa cewa kaki ba ya shiga kabari, kuma "oga ne ya sa ni" ba amsa ba ce a gaban Allah.

Mako na gaba da faruwar abin, matar ɗan sandan ta riga kowa zuwa aji, ta shimfiɗa wa dattijuwar nan tabarma, ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini." Dattijuwar ta yafe, sannan ta ce, "Malama, shi wancan yaron na cikin waya, ko ɗan wace ƙasa na, ai yana da uwa. Mu yi mai addu'a." Muka ɗaga hannu gaba ɗaya.

Ya Allah Ka nuna mana gaskiya Ka ba mu ikon binta, Ka nuna mana ƙarya Ka ba mu ikon guje mata. Ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga jinin bayinKa. Ka ji ƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ka ba iyayensu da matansu haƙuri, Ka shiryi masu riƙe da makami, Ka ba shugabanninmu ikon yin adalci. Ka dawo mana da zaman lafiya a Anka, Gummi, Bukkuyum, da Zamfara da Nijeriya baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana.